Walƙiyar da ba ta jiran kowa: ta yaya ake gano inda ta fito?

Sani Mai Dish

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga malamanmu na kimiyya, kuma ina roƙon a bi ni a hankali, don karatuna bai wuce sakandare ba.

Sana'ata haɗa dish, shekara goma sha ɗaya ke nan ina hawa rufin mutane. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san wahalar kamo tauraron ɗan Adam. Tauraron nan yana can wuri guda, kusan kilomita 36,000 a sama, ba ya gusawa a idonmu. Na san kusurwarsa, ga kamfas ga mita a hannuna, amma duk da haka sai in share minti ashirin ina juya faranti kaɗan-kaɗan, yarona yana ƙasa gaban talabijin yana ɗaga murya: "Hamsin! Sittin! Ya ɗauke!" Ka kauce da faɗin ɗan yatsa, sigina ya tafi.

To shekaranjiya da dare ina saita wa wani dattijo risiba, sai na faɗa kan wata tasha ana shiri a kan wani abu da ake kira walƙiyar gama. Abin da na fahimta shi ne, haske ne mai tsananin ƙarfi da ke tasowa daga can ƙuryar sama. Wani bai kai daƙiƙa ɗaya ba, wani ya yi minti ɗaya ko biyu. Ba a san ranar zuwansa ba, ba a san ta ina zai ɓullo ba, ido ba ya ganinsa, kuma in ya wuce ya wuce ke nan. Amma sai ga mai bayanin ya nuna ɗigo guda a taswirar sama ya ce daga nan ya fito, har da faɗin nisan wurin.

Da abin na kwana a raina. Ni da abin da ke tsaye nake fama, su kuwa abin da ya ƙyalla ya ɓace suke kamawa. Ta yaya? Sannan me ya sa sai an harba na'urar sama, ba za a kafa ta a ƙasa ba kamar yadda muke kafa dish?

Malam Habu Fiziks

Wa alaikumus salam Malam Sani. Tambayar nan taka ita ce ta hana masana barci shekara talatin cif, daga 1967 zuwa 1997, saboda haka ka daina cewa karatunka bai kai ba. Ni malamin fiziks ne a wata sakandare. Wannan batu ba ya cikin manhajar da muke koyarwa, amma na daɗe ina binsa, kuma duk shekara sai na saci darasi ɗaya na yi wa 'yan ajin ƙarshe shi.

Bari in fara da tambayarka ta biyu, ita ce mai sauƙi. Iskar da ta lulluɓe duniya, in aka auna nauyinta, daidai take da ruwa mai zurfin mita goma a kan kowannenmu. Igiyar rediyo da kake kamawa tana ratsa ta, hasken rana ma yana ratsa ta, amma hasken gama a sama yake ƙarewa, iskar tana shanye shi. Wannan rahama ce gare mu. Sai dai mai son ya gan shi, dole ya aika na'urarsa bayan iskar.

Waɗanda suka fara ganinsa ma ba shi suka fita nema ba. A 1963 Amurka da Tarayyar Sobiyet da Birtaniya suka sa hannu a yarjejeniyar daina gwajin makaman nukiliya a iska da ruwa da sararin samaniya. Da yake ba a yarda da juna ba, sai Amurka ta harba taurarin ɗan Adam masu suna Vela su riƙa gadi, domin bam ɗin nukiliya yana fitar da hasken gama. Ranar 2 ga Yulin 1967 suka ji wani abu da bai yi kama da bam ba. Sai a 1973 Ray Klebesadel da abokan aikinsa biyu na cibiyar Los Alamos suka fitar da rahoto a kan irin wannan walƙiya guda 16, suka nuna ba daga duniya take ba, ba kuma daga rana ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Dish ɗinka yana aiki ne saboda igiyar rediyo tana dukan ƙarfen ta dawo, farantin ya tattara ta a kan LNB, ɗan kan nan da ke gaban faranti mai karɓar sigina. Madubin hangen taurari ma haka yake yi da hasken da ido ke gani. Hasken gama ba ya yarda da wannan. In ya tarar da madubi, ko ya ratsa ya wuce, ko ya nutse a ciki. Ba a tanƙwara shi, ba a tattara shi. Na'urar da ke jin sa kamar mutum ne da aka ɗaure wa ido: ya san wani abu ya taɓa shi, ya san ƙarfinsa da lokacinsa, amma bai ga wanda ya jefo ba.

Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a kafa masu ji da yawa, kowanne ya fuskanci wani ɓangare. Ka tsaya a rana da hantsi idonka a rufe, gefen fuskar da ya fi zafi zai gaya maka inda take. Tauraron Compton da aka harba a 1991 yana da masu ji takwas, ɗaya a kowace kusurwa. Fermi, wanda aka harba ranar 11 ga Yunin 2008, yana da goma sha biyu da ake wannan kwatance da su. Wanda ya fuskanci walƙiyar ya fi ƙirga da yawa, wanda ya ba ta gefe ya ƙirga kaɗan, kwamfuta ta haɗa lissafi. Amfanin wannan shi ne kusan duk sararin da duniya ba ta kare ba ana sauraronsa, shi ya sa Fermi ke kama sama da 200 a shekara. Illarsa kuwa, amsar da yake bayarwa fili ne mai faɗin digiri da yawa. Ka tuna faɗin cikakken wata rabin digiri ne kawai. A irin wannan fili akwai gungun taurari dubbai. Kamar a ce maka wanda kake nema yana Kano, ba unguwa ba layi.

Duk da haka Compton ya yi babban aiki. Kafin a dawo da shi ya ƙone a shekarar 2000 ya kama walƙiya 2,704, kuma da aka zuba su a taswira sai aka ga sun watsu ko'ina daidai wa daida. Da a ce daga gungun taurarinmu suke, wanda yake shimfiɗe kamar faifai, da sun taru a layi guda. Wannan ya nuna daga can nesa suke.

Dabarar da nake so ka riƙe, wadda ni ma ita ce ta fi burge ni, ita ce ta inuwa. Ka taɓa zama ƙarƙashin rumfar zana da ta fara tsufa? Rana tana shigowa ta ƙofofin saƙar, ta zuba ɗigo-ɗigon haske a ƙasa. Da safe ɗigon suna can yamma, da la'asar sun koma gabas. Tsofaffinmu ba sa ɗaga kai, ƙasa suke kallo su ce azahar ta yi. Ba a tanƙwara hasken ba, tare shi aka yi, inuwar ta tona inda ya fito.

Haka na'urar BAT da ke kan tauraron Swift take. An harba shi ranar 20 ga Nuwamban 2004. A samanta akwai wani allo mai girman ƙofar gida babba, an manna masa 'yan gutsattsarin darma kusan 52,000, kowanne faɗinsa milimita biyar, kamar ƙwayar masara ƙarama. Rabin allon a toshe, rabi a buɗe, kuma an watsa su ba bisa wani tsari mai maimaituwa ba. Mita ɗaya a ƙarƙashinsa akwai 'yan ƙananan masu ji 32,768 a jere kamar tayil. In walƙiya ta zo, darmar ta tare wani, wani ya wuce, sai inuwar allon ta faɗi a kan masu jin. Kwamfutar da ke cikin tauraron ta san zanen allon ciki da bai, sai ta tambayi kanta: daga wace kusurwa haske zai zo ya ba da wannan inuwar?

Na gwada wannan a aji. Na samo kwalin sabulu na huda shi da kusa, na rufe tagogi, na shimfiɗa farar takarda a ƙasa, wata yarinya ta riƙe tocila tana zagayawa a sama. Karon farko na yi hujin a jere, layi-layi kamar rariya. Da ta matsa da tocilar, inuwar ta gusa da rami ɗaya, sai ta koma kamar ba ta motsa ba, yaran suka kasa faɗin inda tocilar take. Sai wani yaro daga baya ya ce, "Malam, a hargitsa ramukan mana." Muka sake wani kwalin, huji nan biyu, can ɗaya, can uku a karkace. Nan take ko ina tocilar ta koma, zanen da ke takarda ya bambanta, ba ya rikicewa da wani. Yaron nan da kansa ya gano dalilin da ya sa injiniyoyin Swift suka watsa darmarsu haka. Ranar na koma gida da farin ciki.

A cikin daƙiƙu kaɗan BAT take ba da wuri mai faɗin kusan kashi ɗaya cikin goma na wata. Daga Kano an dawo unguwa. Sai kuma abin da ya sa aka ba shi sunan tsuntsu mai sauri: tauraron ba ya jiran umarni daga ƙasa. Da kansa yake juya jikinsa gaba ɗaya, cikin minti ɗaya ko ɗan fiye, ya saita wasu na'urori biyu a wurin. Ɗaya ta hasken eksire ce, irin wanda ake hoton ƙashi da shi. Shi eksire ana iya tattara shi in ya gogi madubi a kwance, kamar yadda yara ke jifan ruwa da fallen dutse ya riƙa tsalle a kai. Ɗayar madubi ce ta hasken ido mai faɗin santimita 30. Su ne ke kai mu ƙofar gida. Kafin ma ya gama juyawa, saƙo ya riga ya sauko ƙasa ya bazu ta wata hanyar sanarwa da ake kira GCN, ya shiga kwamfutoci da wayoyin masana, wasu madubai na ƙasa ma da kansu suke juyawa ba tare da hannun mutum ba. Wani abin da zai yi maka daɗi: babbar tashar da ke karɓar bayanan Swift a nahiyarmu take, a Malindi ta gaɓar tekun Kenya, hukumar sararin samaniyar Italiya ke gudanar da ita. Dish ne babba, irin aikinka.

Akwai kuma dabarar lokaci, ita ce mafi tsufa, da ita aka yi aiki tun zamanin Vela. Ka taɓa yin waya da wani a ɗaya gefen gari ana hadari, ka ji tsawa ta cikin wayar, sai bayan 'yan daƙiƙu ka ji ta da kunnenka? Ka san ta fi kusa da shi ke nan. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, saboda haka in na'urori biyu suna nesa da juna, ɗaya za ta riga ɗaya ji. Tauraron Wind yana can kusan kilomita miliyan ɗaya da rabi daga nan, tafiyar daƙiƙa biyar ga haske, ɗauke da wata na'urar Rasha mai suna Konus. Wani tauraron ɗan Adam, Mars Odyssey, yana zagaya duniyar Mars, inda tazarar kan kai mintuna. Bambancin lokaci tsakanin biyu yana zana zobe a sama, walƙiyar tana wani wuri a kan zoben. A ƙara na uku, zobba biyu su haɗu a wuri biyu. Iya nisan tazara, iya sirancin zoben. Matsalarta jinkiri, don bayanan da ke can nesa sukan ɗau sa'o'i kafin su iso.

Anti Rabi

Malam Habu, Allah ya ƙara basira. Ina karanta bayanin darma sai na ga kamar a wurin aikina nake. Ni ma'aikaciyar ɗakin hoto ce a asibiti, kuma lokacin da nake samun horo na yi watanni a sashen da ake hoto da kyamarar gama. Ana yi wa majinyaci allurar wani sinadari mai fitar da hasken gama kaɗan, ya tafi ƙashi ko ƙoda ko maƙoshi, kyamarar ta gano inda ya taru. Matsalarmu ɗaya da tasu: ba madubi. Abin da ke gaban kyamarar wani faifan darma ne mai kauri, cike da dubban ƙananan ramuka a miƙe kamar saƙar zuma. Hasken da ya zo a miƙe ne kawai ke wucewa, na karkace darma ta cinye shi. Nauyinsa ya sa ba a ɗaga shi da hannu, a kan keke ake turo shi in za a canza, kuma ana yi ana taka-tsantsan, domin in ya bugu ramukan suka lotsa, hoton ya lalace.

A bayansa akwai wani dutse mai kama da gilashi, na sodiyam da aidin. In ƙwayar gama ta faɗa cikinsa sai ya yi ɗan ƙyalli, wasu bututu a bayansa su mayar da ƙyallin lantarki a ƙirga. Na ji an ce irin dutsen nan ne a cikin Fermi, ko haka ne Malam? Kuma mu a wurinmu mun san abin da muka zuba a jikin mutum. Su da ke sauraron sama gaba ɗaya, ta yaya suke sanin ba wani abu daban ne ya taɓa na'urar ba?

Malam Habu Fiziks

Haka ne Anti, masu ji goma sha biyun nan na Fermi irin dutsenku ne. Kuma tambayarki a kan hanya take, don ba duk ƙararrawa ce ta gaske ba. Rana takan yi aman wuta ta tayar da na'urar. Akwai wasu matattun taurari masu tsananin maganaɗisu a cikin gungunmu da kan yi tari lokaci-lokaci. Har hadarin damina na nan duniya yana harba ɗan gajeren hasken gama sama, Compton ne ya gano hakan aka sanar a 1994. Sannan akwai wani yanki a saman kudancin tekun Atlantika inda ƙwayoyin caji suka yi yawa, in tauraron zai ratsa nan sai a dakatar da na'urar. Ana rarrabewa ne da alkiblar da abin ya fito, da tsawon lokacinsa, da irin ƙarfin ƙwayoyin. Kuma akwai masana da ke karɓa-karɓar jiran waya dare da rana don su duba kowace sanarwa da idonsu.

Sani Mai Dish

Malam na gode ƙwarai, misalin rumfar nan ya shige ni. Anti ke ma na gode. Amma saura ɗaya. Inuwa za ta gaya maka alkibla, ba za ta gaya maka nisa ba. Ni in na saita dish, ban san nisan tauraron daga mitata ba, a takarda na karanta. To su fa? Kuma in walƙiyar ta riga ta mutu, me Swift yake juyawa ya kalla?

Malam Habu Fiziks

Garwashi yake kallo, Malam Sani. In an kashe wutar murhu, harshen ya tafi amma garwashin yana nan ja, yana dushewa a hankali. Abin da ya fashe yana harba abu da gudu kusa da na haske, abun ya daki iskar gas da ke kewaye, wurin ya ci gaba da haske na sa'o'i ko kwanaki, a eksire da hasken ido da rediyo. Amma dushewarsa da sauri take, shi ya sa ake wannan gaggawa.

An daɗe ana zaton akwai garwashin, ba a kai gare shi da wuri ba. Ranar 28 ga Fabrairun 1997 tauraron BeppoSAX na Italiya da Holan ya kama wata walƙiya, aka juya shi da umarni daga ƙasa, bayan sa'a takwas ya ga eksire yana dushewa a wurin. Ƙasa da kwana ɗaya, ayarin Jan van Paradijs suka ɗauki hoton wurin da wani madubi a tsibirin La Palma, suka ga ɗigon haske wanda daga baya ya dushe. Sunan walƙiyar GRB 970228: GRB taƙaitaccen sunan walƙiyar gama ne a Turance, lambobin kuwa shekara, wata, rana. Haka ake raɗa musu suna duka, a ƙara harafi a ƙarshe don bambanta na rana ɗaya.

Nisa kuwa daga garwashin ake samunsa. Ana raba haskensa kamar bakan gizo. Sinadarai irin su ƙarfe da magniziyam da ke kan hanyarsa sukan cinye wasu launuka, su bar baƙaƙen layuka a wuraren da aka sani sarai daga gwajin ɗakin bincike. Da yake sararin samaniya yana buɗewa, hasken da ya daɗe a hanya yakan miƙe, layukan su gusa wajen ja. Iya gusawarsu, iya nisan. A watan Mayun 1997 aka yi wa GRB 970508 wannan awo da madubin Keck na Hawai, aka ga haskenta ya yi biliyoyin shekaru yana tafiya. A nan gardamar shekara talatin ta mutu.

Daga nan aka gane iri biyu ne. Masu wuce daƙiƙa biyu galibi mutuwar ƙaton tauraro ce, cikinsa ya rufta ya zama baƙin rami, wato wurin da ko haske ba ya iya kuɓucewa daga jansa, ya harbo wuta ta ƙoƙon kansa da ƙasansa kamar tocila mai baki biyu. Sai bakin tocilar ya fuskanto mu muke gani. Ranar 19 ga Maris 2008 Swift ya kama wata da haskenta ya yi shekara biliyan bakwai da rabi a hanya, amma na kusan rabin minti mai ido a wuri mai duhu zai iya ganin ta ba tare da madubi ba. Wannan labarin ne ya jawo ni cikin batun. Ka duba, hasken ya baro gida tun ba a yi rana da duniyarmu ba.

Gajerun kuwa, an yi zaton karo ne tsakanin matattun taurari biyu da ake kira taurarin nutron, kowanne bai fi faɗin babban birni ba amma ya fi rana nauyi. Tabbacin ya zo ranar Alhamis 17 ga Agustan 2017, ƙarfe 1:41 na rana agogonmu. Na'urorin LIGO na Amurka suka ji girgizar sararin da karon ya haddasa, bayan daƙiƙa 1.7 Fermi da tauraron INTEGRAL na Turai suka ga walƙiyar gama. Aka bi aka gano gidan, gungun taurari mai suna NGC 4993, tafiyar haske ta shekara miliyan 130. A hasken da ya biyo baya aka ga alamun cewa a irin wannan karo ake ƙera ƙarafa masu nauyi, dangin zinare. Lokacin da aka sanar a watan Oktoba na karanta wa ɗalibaina a aji, wata ta taɓa ɗan kunnenta ta yi shiru.

Nafi'u Ɗalibi

Baba Malam Habu, a gafarce ni in ɗan sa baki, ina karatun fiziks a jami'a, aji uku. Game da na 2017, ina ganin ya dace a fayyace cewa ba hasken gama ne ya nuna gidan ba. Filin da Fermi ya bayar yana da girma ƙwarai. Girgizar ce ta rage shi, musamman da aka haɗa da na'urar Virgo ta Italiya, wadda da ƙyar ta ji, kuma rashin jin nata ya nuna abin yana ɓangaren da kunnenta bai kai sosai ba. Filin ya dawo kusan digiri 30 murabba'i, girgizar ta kuma ba da kimanin nisa. Sai masu wani ƙaramin madubi mai faɗin mita ɗaya, Swope, a ƙasar Chile, suka jera gungun taurarin da ke wannan nisa suka bi su ɗaya bayan ɗaya da faɗuwar rana. Kusan sa'a goma sha ɗaya bayan karon suka ga sabon ɗigo.

Sannan Yaya Sani, maganar kafawa a ƙasa ba ta mutu gaba ɗaya ba. Ƙwayar gama mai tsananin ƙarfi in ta daki iska takan haifar da yayyafin ƙwayoyi da ɗan shuɗin ƙyalli, ana iya kama wannan daga ƙasa. A Namibiya akwai manyan madubai masu suna H.E.S.S., siffarsu ma kamar dish, sun kama garwashin wata walƙiya a watan Agustan 2019. Amma su ma sai tauraron sama ya faɗa musu inda za su juya.

Malam Habu Fiziks

Gyaranka daidai ne Nafi'u, na haɗe matakai biyu wuri guda. Allah ya yi albarka, ka riƙe karatun nan da kyau.

Tunda ka kawo na ƙasa, bari in ƙara da ta ranar Lahadi 9 ga Oktoban 2022, GRB 221009A, wadda ba a taɓa auna mai haskenta ba. Ta yi ƙarfin da masu jin Fermi suka cika suka kasa ƙirga, kamar mudu da aka juye wa buhu. Swift bai yi ƙararrawa ba sai bayan kusan sa'a ɗaya, kuma garwashin ne ya tayar da shi, ba walƙiyar ba. Da yake garwashin ya yi haske fiye da kima, kuma ya fito ta saitin faifan gungunmu, da farko an ɗauka wani abu ne na cikin gida. Sai da aka haɗa da bayanan Fermi da awon launuka aka ga haskenta ya yi kusan shekara biliyan biyu a hanya. Wata cibiya a tsaunukan Sichuan na ƙasar Sin, LHAASO, ta kama dubban ƙwayoyinta daga ƙasa ta hanyar da Nafi'u ya faɗa. Kuma Malam Sani, wannan naka ne: ta taɓa saman iskar duniya mai caji har masu auna doguwar igiyar rediyo suka ga siginarsu ta canza a daidai lokacin.

Sani Mai Dish

Jiya bayan isha'i na gwada na kwalin da yarona. Kwalin risiba muka huda da sukundireba, muka kashe wuta, ƙanwarsa ta riƙe tocilar waya. Na lura in na ɗaga kwalin sama da takardar sosai, tocila ta ɗan motsa kaɗan inuwar sai ta yi tsalle da yawa, amma in ta koma gefe sai inuwar ta fita daga takardar gaba ɗaya. In na sauko da shi kusa, ina kama ta ko ta ina, sai dai gusawar ba ta da yawa, da wuya ka auna. Malam, ko wannan ne ya sa suka tsaya a mita ɗaya?

Malam Habu Fiziks

Shi ne. In ka nisanta allon, awonka ya yi kyau amma filin da kake gani ya ragu. In ka kusanto da shi, ka ga fili mai faɗi amma awon ya yi dishi-dishi. A mita ɗaya BAT tana kallon kusan kashi ɗaya cikin shida na sama a lokaci guda, shi ya sa take kama wajen ɗari a shekara, Fermi kuwa ya ninka haka amma bai kai ta saiti ba. Yanzu akwai sababbi: Einstein Probe da Sin ta harba a Janairun 2024, da SVOM na Sin da Faransa a Yunin shekarar, shi ma da allon inuwa a kansa. In za ku sake gwadawa, ku sa tocila biyu a lokaci guda daga wurare daban, ku ga ko yaron zai iya raba inuwar biyu da suka hau kan juna. Ka zana ramukan kwalin a wata takarda mai shara-shara ya riƙa ɗorawa yana gusarwa har ta dace, sau biyu zai samu.